Daga Tawa zuwa bakin teku: littafin tafiyar hutun 2022

Litinin, 18 ga Yuli 2022, Tawa

Na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta yadda aikin da na ɗora wa kaina a hutun bana yake tafiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koya wa yara labarin ƙasa, ina zana masu Binin da Togo da Gana a kan allo, alhali ban taɓa wuce Gaya ba, kuma a cikin ajin akwai yaran da iyayensu suke cin rani a Kwatano da Lome tun kafin a haife su. Niyyata ita ce in bi hanyar da albasarmu da mutanenmu suke bi har bakin teku, in dawo in rubuta ɗan ƙaramin jagora da Hausa, mai bayanin abin hawa da abinci da kasuwa da abin da kowanne yake ci na kuɗi. Na ware sefa 350,000. Tsarin shi ne Kwatano, Lome, Akra, sannan Kumashi, saboda goro.

Lahadi, 24 ga Yuli

Ranar kasuwar Tawa ce. Na sayi cuku da kilishi na tsaraba, 15,000, sai gidan sauro da maganin zazzaɓi da littafi biyu, 8,000. Fasfona yana da sauran rai, kuma yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar zama kwana 90 a wata ƙasar ba tare da biza ba. Katin rigakafin shawara da na korona na sa su cikin leda ɗaya, domin Gana ba ta buɗe iyakokinta na ƙasa ba sai a ƙarshen watan Maris na bana, kuma tana neman shaidar rigakafi.

Da na je sallamar kawuna, wanda ya yi shekaru yana kai albasa kudu, ya tambaye ni hajar da zan tafi da ita. Na ce ba ni da haja, gani zan je yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ɗana, Allah ya sa ganin ya biya kuɗin mota.”

Alhamis, 28 ga Yuli, Yamai

Na iso jiya, ta Tsarnawa da Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, kuɗin mota 11,000. Na yanki tikitin Kwatano a kan 24,000. Tasi da abinci a nan sun ci 6,000. Saura 286,000.

Litinin, 1 ga Agusta, Kwatano

Tafiyar da aka ce mana ta wuni ɗaya da ɗan dare ce ta ɗauke mu har azahar ta jiya. Mun bar Yamai da asubar Asabar, muka ƙetare gadar kogin Kwara tsakanin Gaya da Malanbil kafin rana ta take, kuma komai yana tafiya daidai har muka wuce Kandi. Kafin Bembereke sai injin ya fara zafi, direba ya tsaya a gefen hanya, aka gano cewa tiyon ruwa ya fashe. Yaron mota ya hau babur ya tafi neman wani, ya dawo da wanda bai yi daidai ba, ya sake komawa, kuma haka muka yi sallar magariba da isha'i a bakin kwalta, sauro yana ta aikinsa. Babu wanda ya yi mana bayani, babu kuma wanda ya nemi bayani sai ni, domin sauran fasinjoji, waɗanda yawancinsu ƴan kasuwa ne da suka saba, sun shimfiɗa tabarmi sun kwanta tun da suka ga an buɗe bayan motar. Darasi na farko da zai shiga jagorar shi ne kada matafiyi ya saka tabarmarsa da butarsa a cikin kayan da ake kullewa a ƙasan mota, kamar yadda na yi.

Abin da ya rage mani haushi shi ne lalacewar ta sa mun ratsa kudancin ƙasar da rana. Daga Paraku zuwa Sabe da Dasa na ga yadda gero da dawa suke janyewa, doya da rogo da kwakwar manja suna karɓar wurinsu, mata kuma suna jere da garin rogo a bakin hanya. A wajen Allada abarba ce ta cika ko'ina.

Yau ranar ƴancin kan Binin ce, wanda ta samu a 1960, kwana biyu kafin namu. Ɗan kawuna, wanda na sauka a ɗakinsa a unguwar Zango, ya kai ni na ga mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar shekaranjiya. Shi kansa ya ce da ba domin ni ba, da ba zai je ba.

Laraba, 3 ga Agusta

Kwana biyu na yi a kasuwar Dantokpa, wadda kowa yake taƙaitawa ya ce Tokpa, kuma ba zan ce na zagaye ta ba. Tana bakin mashigin ruwan da ya haɗa tafkin Nokuwe da teku, a gindin ɗaya daga cikin gadoji uku da suka haɗa ɓangarorin birnin, saboda haka wani kayan ta ruwa yake isowa a kwalekwale, wani ta kwalta. Kasuwar Tawa ta ranar Lahadi, wadda nake alfahari da ita, ba za ta cika layin kifi da na tattasai na nan ba. Mata ne suke riƙe da ciniki, kuma ba su da al'adarmu ta doguwar gaisuwa kafin a taɓa kaya. Wadda na tsaya ina tambayar lafiyar gidanta da Faransanci ta dube ni kamar mai neman bashi.

A layin albasa kuwa sai na ji kamar ina Galmi. Hausar Adar ake yi, da shayi a kan gawayi, da rediyo. Wani dattijo daga wajen Madawa ya bayyana mani cewa albasar da ake sayarwa yanzu wadda aka adana a rudu ce, wato rumbun albasa, tun girbin bazara, shi ya sa take tsada, kuma babban abokin gabarta a nan danshi ne, domin buhun da zai yi wata a Adar lafiya lau yana fara ruɓewa cikin ƴan kwanaki a bakin teku. Saboda haka kowace safiya ake zazzage buhuna a tsince. Ya tambaye ni buhu nawa na kawo. Da na ce ni malamin makaranta ne mai hutu, ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gan ni.

Maganar abin hawa tana bukatar shafinta. Ɗan kabu-kabu a nan sunansa zemijan, wato “ɗauke ni da sauri” a harshen Fon, kuma a Kwatano rigarsa ruwan ɗorawa ce mai lamba a baya. Idan danja ta tsayar da su a shataletalen Etoile Rouge, sai mutum ya ga kamar an zuba garin ɗorawa a kan titi, idan ta sake su kuma hayaƙi ya turnuƙe. Da yawansu fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya suke sha, wanda ake kira kpayo, ana sayar da shi a manyan kwalabe a bakin hanya. A manyan tituna an ware wa babura layinsu, abin da na ga ya fi na Yamai tsari, amma ƙetare titi da ƙafa ya fi ƙarfina a rana ta farko, har sai da na koyi laɓewa a gefen mace mai tallan da za ta ƙetare, in taka inda ta taka. Dole a gama ciniki kafin a hau. Sau biyu na biya 500 a tafiyar da daga baya na ji 200 ce.

Asabar, 6 ga Agusta

Jiya ban iya zuwa Juma'a ba. Ranar Alhamis na tafi Ganbiye, ƙauyen da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, wanda kakannin mazaunansa suka kafa domin tsira daga masu kamun bayi na Dahome. Daga Kalabi ake shiga jirgin ruwa, kuma ya ci mani 12,000 saboda ban sami abokan haɗa kuɗi ba. Kasuwarsu a kan ruwa take ci, kowace mace da kwalekwalenta, yaro ɗan shekara shida yana tuƙi kamar yadda namu yake kora jaki.

Da na dawo da yunwa, na tsaya wurin wata mai abinci na ci akasa, wanda ƙullun masara ne mai tsami da aka dafa ya daskare a cikin ganye, da miyar ƙaguwa da manja. Abincin ya yi daɗi, kuma ba shi nake zargi ba. Ruwan ƙanƙarar da na sha a kofi nake zargi. Tun tsakar dare ciki ya ɓaci, da asuba zazzaɓi ya biyo baya. Ɗan kawuna ya kai ni wani ƙaramin asibiti, gwaji ya nuna babu zazzaɓin sauro, aka ba ni magani da ruwan gishiri da sukari. Kuɗi 9,000, da kwana biyu da na tsara wa garin Wida, sun tafi. Yau kunu kawai na sha. “Yaya,” in ji shi, “mu da muke nan tuwonmu muke tuƙawa a gida, kai ne ka zo da kwaɗayin ilimi.”

Ban yarda da shawararsa ba duk da haka. Jagorar da za ta ce wa mutum kada ya ci komai ba ta da amfani. Abin da zan rubuta shi ne a ci abin da aka sauke daga wuta a gaban idon mutum, a sha ruwan da yake a rufe.

Litinin, 8 ga Agusta

Na warke. Na ci amiwo, tuwon masara ja da aka tuƙa da tumatir da romon kaza, da wagasi, cukun Fulani mai laushi da ake soyawa, wanda bai yi kama da busasshen cukunmu ba ko kaɗan. Lissafin Kwatano: zemijan 17,000, abinci 16,000, Ganbiye da asibiti 21,000. Saura 232,000. Abin da ban tsammata ba shi ne kuɗin yawo a cikin gari ɗaya ya kusa kuɗin motar da ta kawo ni daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,000.

Alhamis, 11 ga Agusta, Lome

Kilomita 150 ne kawai daga Kwatano, a tasin haɗaka, 6,000, ta iyakar Hilakonji da garin Aneho, teku yana hannun hagu. A nan na fara tsayawa a gaban teku sosai, kuma na daɗe ban ce komai ba. Na kuma gane cewa na yi shekaru ina koyar da abin da ban fahimta ba: a littafi an ce Agusta ɗan gajeren rani ne a wannan gaɓa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa zan bar Tawa cikin damina in zo in nemi rigar sanyi a bakin teku ba. Sama a lulluɓe take, ruwa ba ya sauka, iska kuma mai sanyi ce, wanki ba ya bushewa.

Agogon Togo yana bayan na Nijar da Binin da awa ɗaya. Ban gyara nawa ba, na je masallaci da asuba na tarar da shi a rufe, na zauna a bakin ƙofa ina zargin mutanen gari da lalaci.

Ba ni da kowa a nan, don haka na kama ɗaki a 7,000 kowane dare. Babbar kasuwar Adawlato, wadda gininta ya ƙone a watan Janairun 2013, ta bazu a titunan da suke kewaye da tsohuwar majami'ar da Jamusawa suka gina a farkon ƙarni na 20. Nan ne gidan atamfa. Matan da ake kira Nana Benz sun yi arzikinsu ne da atamfar Holan, har suka zama masu hawa Marsandi tun a shekarun 1970, kuma ƴaƴansu da jikokinsu suna nan, ko da yake atamfar Sin mai araha ta cinye masu kasuwa. Wata daga cikinsu ta koya mani duba bakin turmi da juya shi a ga ko rinin ya ratsa duka fuskokin biyu. Na sayi biyu matsakaita, na inna da na uwargida, 30,000, kuɗin da ba ya cikin tsari, kuma ban yi nadama ba tukuna.

Asabar, 13 ga Agusta

Na je Agwe-Zango, inda manyan motocin da suke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar da Burkina da Mali suke taruwa. Na ci fufu na doya, wanda ake kirɓawa a turmi mutum yana kallo, da koliko, soyayyar doya da yaji. Titunan Lome sun fi na Kwatano sauƙi. Saura 154,000, kuma daga ciki na ware 55,000 na komawa gida na ɗinke a cikin aljihun wando.

Talata, 16 ga Agusta, Akra

Iyakar Gana tana cikin birnin Lome kanta. Da ƙafa mutum yake ƙetarawa ya shiga Aflawo. Takarduna ba su ba ni wahala ba. Wahalar a wurin canji ta same ni, kuma da hannuna na jawo ta. Tun daga Tawa har Lome sefa ɗaya ce, wadda take ɗaure da yuro a kan 655.957, shi ya sa ban taɓa canjin kuɗi ba a rayuwata. Wani mai canji a bakin hanya ya yi mani Hausa, ya kira ni ɗan'uwa, muka daidaita a kan sidi 14 kowace jikka, wato sefa 1,000, na ba shi 50,000. Ya ƙirga 700 a gabana, ya karɓa ya ce bari ya ɗaure mani da roba, ya miƙo, na sa a aljihu. Sai a cikin mota, bayan mun wuce gadar Sogakope a kan kogin Bolta, na ƙirga na tarar da 600. Asarar ta kai sefa 7,000. Ƙa'idar da zan rubuta da manyan baƙaƙe ita ce, ƙirgar ƙarshe a hannun mai karɓa take, kuma kuɗin da ya koma hannun mai canji, ko na ƙiftawar ido ne, a sake ƙirga shi.

Na sauka a Nima wurin wani abokin kawuna. Tsofaffinmu Ankara suke kiran wannan birni, kuma a Nima da Mamobi Hausa ce harshen titi, har a bakin waɗanda ba Hausawa ba, sai dai Hausa ce da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, abin da ya riƙa sosa mani kunne na malami.

Juma'a, 19 ga Agusta

Na yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da yake Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a bara.

Cunkoson Akra iri dabam ne da na Kwatano. A can babura ne suke gudu kamar ruwa, a nan motoci ne suke tsaye. Dokar ƙasar ba ta yarda da kabu-kabu ba, ko da yake ana yi, don haka abin hawan talaka shi ne trotro, ƙaramar bas mai yaron mota da suke kira met, wanda yake leƙo da kai yana kiran sunan unguwa yana nuni da hannu. Idan ya juya yatsa kamar mai dama fura, motar shataletalen Nkrumah za ta. Ranar Laraba na tafi Ajen Kotoku, inda aka mayar da ƴan albasa daga Agbogbloshi a watan Yulin 2021. Wurin yana can bayan gari ta hanyar Nsawam, kuma na yi kusan awa uku kafin in isa, ina kallon masu talla suna sayar da ruwa da burodi da soyayyar ayaba ta taga, har na fahimci cewa cunkoson ma kasuwa ce mai zaman kanta. Mutanenmu na can sun ce fili ya wadata, amma mai sayen tiya ɗaya ba zai biyo su wannan nisa ba. Kukansu na biyu faɗuwar sidi ne: da sefa suke sayo albasa, da sidi suke sayarwa, kuma kafin mota ta dawo ribar ta narke. Na ga alamar haka da kaina, domin jiya jikka ta ba ni sidi 15.

Abinci kuwa ya ba ni dariya da alfahari tare. Abin da duk Akra take layi a kansa da safe, wanda suke rubutawa waakye, shinkafa da wakenmu ne, an dafa da karan dafi ya yi ja, an ƙara taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Koko sunansa Hausa koko, ƙosai ya zama koose, tuwon zafi yana nan da sunansa, mai tsire kuma kusan kullum namu ne. Wanda yake nasu tsantsa shi ne dokunu na mutanen Ga, dafaffen ƙullun masara mai tsami, da soyayyen kifi, kuma sai a ci na uku na fara jin daɗinsa. A kasuwar Makola wata tsohuwa ta faɗa mani kuɗin barkono da dubbai, na razana, ashe da tsohon lissafi take yi, na kafin 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Ban yi mata dariya ba, tunda mu ma har gobe da dala muke ƙirga.

Litinin, 22 ga Agusta

Na soke Kumashi. Bayan kuɗin komawa, abin da ya rage bai kai 30,000 ba, kuma tafiyar kilomita 250 ce zuwa, da kwana, da dawowa, domin hanyar Wagadugu da Fada zuwa Yamai, wadda da ita ce gajeriya daga can, ba ta da tsaro yanzu, kuma mai masaukina ya ce, “Malam, kada ka sa ni jin kunyar kawunka.” Babin goro da kasuwar Kejetiya zai jira wata shekara. Gobe zan juya ta Lome da Kwatano.

Lahadi, 28 ga Agusta, Tawa

Na iso daren jiya. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na zuwa, kuma an ce saboda gazuwal ne, wato man dizal, wanda litarsa ta tashi daga 538 zuwa 668 tun farkon wata. Na shigo gida da 9,000. Gero ya yi kai, inna ta yaba atamfa, kawu ya tambayi farashin buhu a Ajen Kotoku kafin ya tambayi lafiyata.

Lahadi, 4 ga Satumba

Na fara juya rubutun zuwa kwamfuta. Littafi na farko lafiya yake, amma na biyu ya sha danshi a Lome, tawada ta bazu a shafi shida na farashin abinci, don haka na aika wa ɗan kawuna saƙo ta WhatsApp ya sake tambayo mani na Tokpa. Na Akra zan rubuta su da sefa tare da ranar da na saya, tunda na sidi ba za su kai Oktoba ba. Babi uku ne a shirye: takardu da iyaka, abin hawa a cikin gari, da canji. Na abinci yana bukatar a zauna da matan da suka yi zama a can, domin sunayen da na rubuta da kunne ban amince da rabinsu ba, kuma an nuna mani biyu a unguwarmu da zan gani ranar Laraba. Mai buga takardu ya ce kwafi 50 na shafi 24 zai ci 40,000, kuɗin da sai albashin Satumba ya shigo.